Kwanon Khala Zakiya Ya Sake Hawowa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 16 ga Safar 1441, wato 15 ga Oktoba 2019, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Khala Zakiya, wato Inna Zakiya da Larabci, a gidanta da ke Ruwais, nan Jidda, bayan doguwar jinyar ƙoda. An yi mata salla bayan la'asar. Ni Hindatu, matar Muktar, 'yar hayarta ta saman bene, ni ce ke rubuta wannan.

Khala, ba zan ɓoye miki ba, da na ga fuskarki bayan an yi miki wanka sai na ji sanyi a raina. Mun ga yadda wankin ƙoda ya cinye ki, mun ga hannuwan da allura ba ta bar musu wuri ba. Ranar nan kuwa kamar barci kike yi. Na yi kuka, amma na gode wa Allah da Ya hutar da ke.

A Jidda aka haife ki. Kakarki ce ta taso daga Haɗejiya da ƙafa don aikin Hajji, ba ta koma ba. Mu kuwa baƙi ne daga Gumel, aikin sito a Tashar Jiragen Ruwa ya kawo maigidana, muka biyo shi da 'ya'yanmu biyu. Washegarin tarewarmu kika aiko 'yarki Abir da wani kwanon silba mai murfi, cike da salig, shinkafar nan tasu da ake dafawa da madara. Na juye, na wanke kwano tas, na saka 'yan riyal a ciki na miƙa mata, don a gida haka muka taso, ɗan aike ba ya rasa tukwici. Ashe Abir ɗin ma'aikaciyar kantin magani ce, albashinta ya fi na mijina. Ba a jima ba na ji dariyarki daga ƙasa, kina kirana. Kika ce, “Ya binti, 'yata, ni ba gidan sayar da abinci na buɗe ba. Wannan ɗu'uma ce, ɗanɗanon maƙwabta. A nan kwano ba ya komawa da kuɗi, ba ya kuma komawa wayam. Ko dabino ne ki saka.” Na ji kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Daga ranar kwanon nan bai huta ba, yau ya hau, gobe ya sauka.

Mutanen gida suna ganin duk wanda ke Saudiyya a bakin rijiyar kuɗi yake zaune. Ba su san haya da wuta da kuɗin makaranta ba. Da aka ƙaƙaba harajin iyali, wanda baƙo ke biya a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamarsa, wato takardar izinin zama, kuma yana ƙaruwa duk shekara, sai gidaje suka fara watsewa. Mata da yara suna komawa, maza suna tarewa a ɗaki guda kamar gwauraye. Muktar ya je wurin kafilinsa, ubangidan da ya ɗauko shi aiki, neman ƙarin albashi, da ya dawo sai ya fara tambayar farashin tikiti. Na san abin da ake nufi. Ni da yara za mu koma Gumel, shi ya zauna, mu riƙa ganin juna ta waya.

A lokacin ne kwanonki ya maƙale a wurina. Kin aiko shi da kifi, ni kuwa ba ni da abin da zan saka wanda ba zai tona mana asiri ba. Na ɓoye shi bayan tukwane, na daina bi ta ƙofarki. Sai ga ki kin hawo benen nan da gwiwoyinki masu ciwo, kina hutawa a kowace matakala. Ba ki tambaye ni komai ba. Kika shiga kicin kina buɗe robobi, har kika ci karo da garin kuka da daddawar da na zo da su daga gida. Kika shinshina, kika daɗe a tsaye. Kika ce rabonki da wannan ƙamshi tun rasuwar kakarki, kuma ga shi ina zaune a kansa ina kukan babu. Na yi miki tuwo da miyar kuka, kika ci kina hawaye kina yi mini faɗa wai na cika yaji.

A ranar na faɗa miki maganar tikiti. Kika ce, “Halas, magana ta ƙare. Muddin kwanon nan yana hawa yana sauka, babu inda za ki.” Ba ki ƙara mana haya ba tun daga nan, ko da gidajen layinmu suka yi ta hawa. Kika haɗa ni da matan unguwa masu sayen kwalin tumatir da buhun shinkafa a sari su raba. Kika koya mini zuwa kasuwar kifi bayan rana ta ɗaga, lokacin da masu sayarwa suka gaji da ciniki. Da zafi ya tsananta kika ce in kashe na'urar sanyaya ɗakinmu in sauko da yara naki ɗakin, wai kaɗaici ke damunki. Na san ba kaɗaici ba ne, gidanki ba ya rabo da mutane. Da haka muka sabunta iƙama, da haka muka sake sabuntawa.

Saboda haka, Khala, a kwanakin zaman makokinki ina kukan rashinki, ina kuma kukan kaina, Allah Ya yafe mini. Na ji wasu baƙi suna cewa gida irin wannan a Ruwais ai sai dai magada su sayar, ko su ninka haya. Muktar ya sake fara tambayar farashin tikiti. A rana ta uku na cika kwanon da tuwo na sauka da shi, na ajiye a kicin ɗinki, ina ganin saukarsa ta ƙarshe ke nan.

Jiya da azahar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Abir ce, da kwanon a hannu, da zafinsa. Kin san Hausarta, tana ji sarai amma faɗa sai ta yi ta lalube. Ta ce, “Ummi ta ce... kwano ya hau, ya sauka. Ni da yayana Abdulghaffar mun ji, mun yarda. Haya kamar da. Halas.” Na buɗe, salig ne, ya ɗan kama a ƙasa, don ba ta iya shi kamar ke ba. Na zauna a bakin ƙofa rungume da kwanon. Da Muktar ya dawo daga aiki ya ci, ya yi barcin da na daɗe ban ga ya yi irinsa ba.

Ya Allah, baiwarKa Zakiya ta rufa wa baƙi asiri, Ka rufa mata nata. Ka sa jinyar da ta sha ta zama kaffara, Ka yalwata kabarinta, Ka haɗa ta da kakarta a Aljannar Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Abdulghaffar da Abir da dukan dangi, da matan layinmu na Ruwais. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, Ya kyautata namu ƙarshen.

Kwanon yana wurina yanzu, Khala. Na tankaɗe garin kuka, na kuma rage yaji. Gobe zai sauka.