Alƙalancin da na yi a filin makaranta

Ina ajin ƙarshe na sakandare a Faskari malaminmu na Hausa ya rubuta mana wasan kwaikwayo don ranar iyaye. Labarin wani gari ne da yaƙi ya ritsa da shi, aka kama baƙo ana zargin shi ke kai wa abokan gaba rahoto. Ni aka ba alƙali, don kowa ya san bakina ba ya mutuwa. Baƙon kuwa aka ba abokina, ɗan makiyaya daga wajen Sheme. Malam ya ce shi ya fi dacewa, muka yi dariya, abokin nawa ma ya yi.

A rubuce, hukuncin kisa zan yanke.

Ranar fili ya cika maƙil. A shekarun nan da wuya ka sami gidan da 'yan bindiga ba su taɓa ba. Aka shigo da abokina ɗaure da igiyar shanu. Ban ko zauna ba wani ya ɗaga murya daga baya: "A kashe shi! Ai su ne!" Wasu suka amsa, kuma ba mai dariya. Nan na gane ba baƙon wasa suke nufi ba. Abokina suke kallo, wanda in an tashi ta cikinsu zai bi ya koma ruga.

Raina ya ɓaci. Na gyara rawanin aro, na fuskanci jama'a.

"To, duk wanda ya ga yaron ga da idonshi ya kai rahoto, ya taso ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani."

A wajenmu ba a wasa da wannan rantsuwa, ko a cikin wasa. Na jira, ba wanda ya motsa.

"Babu shaida. Na sallame shi."

Malam ya daɗe yana fushi da ni, ban kuwa taɓa nadama ba. Har gobe ina kan bakana: adalci ba ya jira sai yaƙi ya ƙare, kuma garin da ake ɗaure mutum saboda kamanninsa, masu riƙe da igiyar ma ba su da 'yanci.

A ranar dai, na sauko da kaina na kama kwance ƙullin igiyar. Abokina ya sunkuyo ya ce mini a hankali, "Yi sauri, don Allah. Baba na kallo."