Kurnar da Ba Ta Shiga Takarda Ba

Ni fa ba ni na ce a sayi gida ba. Ina zaune tasha, bakin kasuwar Sabon Birni, ina yi wa 'yan kabu-kabu tsiya, Yayana ya zo ya kama mini wuyan riga, wai in taso tunda ni ne ɗan bokon gidanmu. Ɗan boko kuwa! Aji biyu na sakandare na yi, rabi ma bayan katanga na yi shi ina shan rake. Amma da yake ni nike rubuta wa mutane takarda in an sai da babur, sai anka ɗauka ni lauya ne.

Inna za a saya wa gidan. Tun da munka baro ƙauye, damina biyu tana raɓe a gidan wani danginmu, ɗaki guda, kwanukanta na ɗaure cikin buhu ba ta kwance ba. Ba ta taɓa kuka da bakinta ba, sai dai in ta yi shara ta tsaya daidai bakin ƙofa, ba ta ƙara taki guda, don tsakar gidan ba nata ba ne.

Gidan da anka samu ɗaki uku ne na laka, da rufin kwano, da wata tsohuwar kurna a tsakiya. Ranar da munka kai ta gani, Inna ko ɗakunan ba ta leƙa ba. Ta cire takalmi ta zauna gindin kurnar, inuwar ganye na yawo a jikin zanenta, ta lumshe ido. Ni kuma na tsaya ina kallon ɗakin kusa da zaure. Cikin raina har na shafe shi da farar ƙasa, na rataya labule, na ga wata yarinya da ban san fuskarta ba tana miƙo mini ruwa. Sai da Yaya ya zungure ni na dawo.

Masu gidan wa da ƙane ne, gadon ubansu. Na zauna na zuba rubutu yadda na saba: mai sayarwa, mai saye, shaidu biyu. Inda nike sa lambar inji na sa gida mai shuɗiyar ƙofa. Kowa ya sa hannu, na hura takardar awa wani alƙali.

Kafin a kai wa mai unguwa ya buga hatimi, Yaya ya ce mu biya wurin wani tsoho da ya yi aikin magatakarda a kotu. Tsohon ya sa tabarau ya fara jero tambaya a hankali. An raba gadon ko ba a raba ba? An sanar da maƙwabta, ko akwai wanda ya fi mu haƙƙin saye? Katangar yamma ta wa ce? Indararo gidan wa yake zuba? An zagaya iyaka da ƙafa gaban shaidu? Masu gidan, da munka zo tare da su, duk sunka amsa, wata daidai, wata da kame-kame. Sannan ya tambaya ko marigayin ya bar ɗiya mace.

Wan ya sosa ƙeya. Ya ce akwai ƙanwarsu, tana aure can cikin Nijar, amma ai mace ce, ba ta da matsala.

Tsohon ya ninke takardata ya miƙo mini.

"Ɗana, wagga ka kai wa mai ƙosai. Gida ba babur ba ne. In mai rabo guda ba ta yarda ba, ko bayan shekara nawa ita ko ɗiyanta za su iya zuwa su warware cinikin, uwarka ta koma ɗaure kwanuka."

Na ce, "Baba, ai rubutun dai ya yi kyau."

Ya ce ya yi, shi ya sa mai ƙosan za ta ji daɗinsa.

To wa za shi Nijar neman dangwale? Wanda ya ɓata. Na sake rubuta sabuwa da sunan mutum uku, munka jira ranar kasuwa don a tafi cikin ayari, na hau babur da ƙaramin cikin masu gidan a baya. Ƙarshen damina ne. Daga Burkusuma zuwa gaba gero ya yi kai, ya rufe hanya ta ko'ina, kana tafe kamar cikin ruwa. Balbelu na tashi daga bayan shanu, su sauka, su sake tashi. Ban san inda ƙasarmu ta ƙare ba, sai da wani jandarma, jami'in tsaron Nijar, a gindin itace ya ɗaga mana hannu cikin kasala. Duk tafiyar nan ina jin takardar a ƙirjina tana ɗumi, ina ta gina ɗakina ina rushewa.

Mun iske ta tana sussuka. Mace doguwa, mai tsagen Gobir, idonta irin na mutanen da sunka daɗe ba su je gida ba. Ta ba mu fura, ta saurari ɗan'uwanta har ya gama. Ni ta juyo ta kalla. Ta tambaye ni wa za ya zauna gidan, na ce uwata. Ta tambaya ko kurnar na nan. Na ce tana nan, har Inna ta riga ta yi barci a gindinta, na ɗan ƙara gishiri.

Can ta ce a gindin kurnar anka binne cibiyarta, nan kuma anka binne ta ɗanta na fari da ta je haihuwa gida, wanda bai yi rai ba. Ta ce rabonta ta sayar, ba ta da ja.

"Amma ka gaya wa uwarka, kar a sare ta. Da wannan na yarda."

Na ce za ni gaya mata, na ɗauki alkawari. Babu tawada a garin, sai na fasa bakin biro na shafa mata a babban yatsa, ta dangwala. Shuɗin ya zauna a yatsan, tana ta kallonsa har munka tashi.

Na gaya wa Inna kuwa. Abin da ban yi ba shi ne rubutawa. A takardar babur ba wanda ke cewa kar a cire madubi, hannuna bai saba ba.

Mai unguwa ya zagaya da maƙwabta, anka buga hatimi, anka kai ofishin filaye. Inna ta kwance buhunta. Ranar farko ta share tsakar gidan tun daga ƙofar ɗaki har zaure, ta dawo ta sake sharewa, alhali ba ko tsinke.

Ba a yi wata biyu ba Yaya ya shigo da mai gatari. Yaya shina son ya ja zaure ciki ya fitar da shago bakin hanya, kurnar ta tare masa. Na tuna masa alkawarin, ya ce in kawo takarda in nuna masa layin. Na ce layin na cikin kaina. Ya ce kan da ya kasa aji biyu ba ya zama shaida. Na koma wurin tsohon magatakarda da gudu, ya ce sharaɗi sharaɗi ne ko da baki anka yi, tunda ɗan'uwan matar Nijar ɗin ya ji, kuma in an karya tana da bakin magana a kotu. Na kawo wa Yaya wannan, ya ce ita da ke wata ƙasa, wa za ya kai mata labari? Munka yi ta yi, mai gatari ya gaji ya tsuguna yana tsintar kurna yana ci.

Inna na zaune a gindin itacen tana tsince wake, ba ta ɗago ba. Yaya ya matso ya rage murya.

"Inna, ki duba. Abin da ba a rubuta ba fa babu shi."

Ta watsar da tsakuwa guda, ta ce, "Kai ma ranar da na haife ka ba wanda ya rubuta takarda. Ga ka nan tsaye, ban sare ka ba."