Madubin Baba Sannu-Sannu

Tun gari bai gama wayewa ba za ka same shi yana goge madubin doguwar motarsa. Masu yawon buɗe ido na fitowa daga masauki da barci a ido, shi kuwa har inji ya ɗumama. Baba Sannu-Sannu ake ce masa, don tuƙinsa kamar kwale-kwale ne a kan ruwa mai kwanciya. Kafin a isa tsohon birni rabin fasinja sun lula mafarki.

A bakin ganuwa tuƙinsa ke ƙarewa. Lungunan birnin ba sa ɗaukar mota, sai Jagora, matar da ke yi wa baƙi bayani, ta ɗaga lemarta ta ja ayari ciki a ƙafa. Shi kuma ya zauna da waɗanda gwiwa ta gaza.

Wata yamma aka zo da wata tsohuwa da 'yarta. Idon tsohuwar na dushewa, likita ya ce saura ƙiris ya rufe. Buri ɗaya ya kawo ta: ta sake ganin koriyar hasumiyar da marigayi mijinta ya fara tare ta a gindinta. Tana hango matakalar ƙofar birni, gwiwa ta ce ba da ni ba.

"Inna, a yi haƙuri, zan ɗauko miki hotonta a waya," in ji 'yar.

"Waya? A waya na samo uban naki?"

Ayari ya shige. Tsohuwa ta kifa kai tana sharar hawaye. Baba ya dubi rana, ya ce, "Hajiya, dawo nan gaba, kujerar manya."

'Yar ce ta ba da labarin sauran, yadda ta ji daga bakin tsohuwar. Baba ya tada mota, ya yi ta baya-baya ya hau wani tudu a bayan ganuwa, inda katanga ta zube. Wurin ba ya juyuwa, sai ya miƙa hannu ya karkata madubin gefe.

Sai ga ta. Hasumiya koriya shar, rana na zuba mata ruwan zinariya, tattabaru na kewaya ta kamar hayaƙin turare.

"Ga maigidana can," tsohuwa ta raɗa, "hula a karkace. Har yanzu bakinsa na rawa."

"A yi masa uzuri, Hajiya, kyau ne ya razana shi."

Ta yi dariya har da riƙe ciki.

Baba, kai ne idon mai rauni. Kai ka gano gurbin nan, domin kai ma ta madubi kaɗai ka san hasumiyar. Ka yi furfura a bakin birnin ba ka taɓa taka cikinsa ba, don ba ka iya barin tsoho shi kaɗai a mota.

Makon jiya ya yi tuƙinsa na ƙarshe. Yana tsayawa Jagora ta zare makulli.

"Baba, sauka. Yau kai ne baƙo."

"Mutanena fa?"

"Tafi, ɗan nan," in ji wani tsoho daga baya. "Yau mu ne masu gadi."

Ya bi lema kamar mai tafiya cikin barci. Da ya fito aka tambaye shi yadda ya gan ta. Ya goge ido, ya ce, "Ashe ta fi ƙarfin madubi."

Mun gode, Baba, Allah Ya sa ka huta lafiya. Ku kuma masu riƙe da sitiyari, in ayari ya shige, ku waiwaya. Akwai wanda aka bari a kujera.