La'asar Mai Raka'a Shida

Shekarar da aka sallami maigidana daga tashar jiragen ruwa, rabin mazan layinmu a unguwar New Bell zaman gida suke yi. Wanda ka tambaya sai ya ce maka la crise ce, wato matsin tattalin arziki. Shi ya sa da ya fara kukan ciwon kai na ɗauka tunani ne. Har faɗa na yi masa, na ce magidanci ba ya kwanciya da rana don kawai an karɓe masa aiki. Ina da baki, kowa a layin ya sani.

Maigidana ne yake jan salla a ƙaramin masallacinmu idan liman bai zo ba. Wata azahar ya miƙe raka'a ta biyar. Jama'a suka yi ta subhanallahi a bayansa, shi kuwa ya ci gaba abinsa. Maƙwabcinmu mahauci ne ya riƙo hannunsa har gida, ya ce mini daga bakin ƙofa, "Ku je lopital."

Muka je asibitin. Ranar karɓar sakamakon hoton kai ta faɗo ranar yajin gari, ba taksi, ba kanti a buɗe. A ƙafa muka je, muna kewaye tayoyin da aka ƙona. Likitan ya ɗaga hoton, ya nuna wani abu kamar ƙwan kaza. Ya ce ƙari ne a ƙwaƙwalwa, ya dube ni ya ce, "Madame, c'est trop tard." Wato an makara, watanni suka rage. Maigidana ya ce alhamdu lillahi. Ni ina kallon takalmin likitan, igiyar ɗaya ta kwance. Ban ji komai a raina ba. A hanyar dawowa abin da na yi ta tunawa shi ne ban jiƙa wake ba.

Da damina ta kankama ƙafarsa ta hagu ta fara ja, layin kuma ya cika da ruwa, sai ya koma salla a ɗaki. Shi a gaba, ni a baya. Ranar farko ya juyo ya ce, "Hajiya, kin san ƙa'ida. Mace ba ta ɗaga murya. In na yi kuskure ki buga bayan hannunki, zan ji." Ban taɓa zuwa Makka ba, Hajiyar tsokana ce tun muna amare.

Da farko tafi ɗaya a yini ya isa. Ya ji, ya gyara, ya yi sujadar mantuwa, ya sallame. Daga baya ya zama kowace salla. Ya zauna inda ake tsayuwa, ya tsaya cik a tsakiyar Fatiha, mutumin da yake sauke Alƙur'ani duk azumi. Wata rana haushi ya kama ni, na tafa da ƙarfi har sau uku. Da ya sallame ya ce, "Wannan tafi naki kamar ana kamun amarya." Ya yi dariya. Amma na ga yadda ya daɗe yana kallon tabarma, yatsunsa suna lissafi.

Abin da yake tsoro ke nan, ba mutuwar ba. Mutuwa kam tuni ya sa aka sayo likkafani, ya nuna mini inda ya ajiye. Tsoronsa salla ta riga shi tafiya.

Na je wurin liman ba da saninsa ba. Tsohon ya saurare ni, ya ce, "'Yata, wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, babu komai a kansa. Amma ke taki tana kanki. Ki daina binsa, ki yi taki ke kaɗai."

Na ce to. Na dawo gida na shimfiɗa tabarmata a bayansa kamar kullum. Na san ranar da ya juyo bai gan ni ba, ranar zai gane. Sai na ɓullo da dabara: in bi shi, in tafa inda ya kamata, in ya sallame in ce zan duba tukunya, in shiga kicin in rama tawa tsakanin murhu da bokitin ruwa. Salla goma nake yi a yini, wata biyu cur. Ba zan ce ina jin daɗin ibada a lokacin ba, ba kuma zan ce ina jin ɗaci ba. Yi kawai nake yi, kamar wanke-wanke. Mata suna zuwa da rubutu da turare, wata ta ce sammu ne daga wurin aiki. Na karɓa na yi godiya, wanda da can sai ta ji a jikinta.

A ƙarshe a zaune yake salla, da matashi a bayansa. Wata la'asar ruwa yana zuba a kwano har ba na jin karatunsa sosai. Ya gama ta huɗu, maimakon tahiya sai ya sake kabbara. Na ɗaga hannu zan buga. Na kalli ƙeyarsa, ta rame, hular ta yi masa yawa. Na mayar da hannun kan cinyata, na bi shi. Ya yi ta biyar, ya yi ta shida, sannan ya sallame.

Ya juyo a hankali, fuskarsa a sake. Ya ce, "Hajiya, yau ban ji tafi ba."

Na ce, "Yau babu kuskure, Malam."

Ya ce alhamdu lillahi har sau uku, ya jingina ya rufe ido. Na shiga kicin, na shimfiɗa ɗankwali, na fuskanci gabas. Na daɗe a tsaye ban ɗaga hannu na yi kabbara ba. Sai na naɗe ɗankwalin na hura wuta.

Bayan kwana tara ya rasu, da hantsi. Na rama duk wata salla da na taɓa yi a bayansa cikin ciwon nan. Wannan la'asar ce kaɗai har yau ban rama ba.