Uwaisu da Damin Gude

Duk wanda ya san tashar Gwarzo a shekarun nan ya san Uwaisu. Ko bai san sunansa ba ya san tafiyarsa: wani siririn mutum da jakar kwamfuta a rataye, yana taka ƙasa yana yatsina kamar ita ta roƙe shi ya taka ta. Jakar nan fa babu kwamfuta a cikinta, cajar waya ce da burushin takalmi. In ka tambaye shi mutumin ina ne sai ya gyara wuyan riga ya ce, "Gwarzo, cikin gari." Ƙarya yake, wallahi. A Gude aka yanke masa cibiya, can ƙasar Kabo, a wani gida mai dangar kara, kuma har yau tsofaffin garin suna tuna shi da majina shaɓe-shaɓe yana bin awaki.

Ubansa Malam Dabo, Allah ya ji ƙansa, jikan makiyaya ne da suka ajiye sanda suka ɗauki fartanya. Shanu sun ƙare tun zamanin kakanni. Abin da ya rage musu shi ne kunya, sai kuma gona ɗaya a bakin fadama wadda Malam Dabo ya saya a hannun wani ɗan'uwansa, Mijinyawa. Da yake mutum ne mai gudun rigima, ya sa aka rubuta cinikin, shaidu suka dangwala hannu, ya riƙe takarda ɗaya a gida, ɗayar ya kai wani ofishi a Gwarzo da ke ajiye takardun gonaki na ƙauyukan yankin. Gonar nan ita ta ciyar da gidan, ita ta kai Uwaisu makaranta, kuma bayan rasuwar Malam Dabo ita kaɗai ta tsaya tsakanin matarsa Marka da bara.

Uwaisu ɗan fari ne, Marka kuwa ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Tunda ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta kallon fuskarsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. In tana son ya ci abinci sai ta ce da ƙanwarsa, "Ikilima, gaya wa wancan tuwo na hucewa." In ya yi zazzaɓi sai ta fi shi ramewa, amma ko sannu ba za ta ce masa ba, sai dai a ga kunun tsamiya a ƙofar ɗakinsa. Sunan mijinta ma haka, har ya koma ga Allah "Malam" take cewa. Duk ɗan da aka haifa da hankali ya san irin wannan shirun ba na kowa ba ne, na wanda ya fi kowa ne.

Lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a Uwaisu yana sakandare a Gwarzo. Mutane suka shiga gyara halinsu, kowa gwargwadon ikonsa. Shi kuwa sai ya ɗage wando, ya tara 'yan tsirarun gashi a haɓa, ya koyi faɗin "Subhanallahi" da ƙarfi in ya ga malami na kusa. Sallar asuba dai sai rana ta doke shi a ƙeya. A makarantar ne aka taɓa yi masa dariya don ya zo da fura a ƙwarya, kuma daga ranar ya ƙulla gaba da Gude, kamar garin ne ya yi masa dariyar. Da ya gama ya wuce Kano, ya yi 'yan watanni yana koyon kwamfuta a wani shago, ya yi shekaru yana buga wa ɗalibai takardu. Ya tafi yana Uwaisu Dabo Gude, ya dawo yana Uwaisu D. Gwarzo, da satifiket a cikin gilashi.

Ya dawo daidai lokacin da aka shiga tsuke bakin aljihu. Ofishin nan mai ajiye takardun gonaki rufinsa na yoyo, gara ta kama kabad, kuɗin gyara kuwa an ce babu. Sai aka kawo shawara a ɗauki hoton takardun duka a zuba a kwamfuta, a huta. Shugaban ofishin, Alhaji Sagiru, yana neman wanda ya iya, Uwaisu kuma ya daɗe yana riga kowa ɗaukar masa takalmi a ƙofar masallaci. To, ka ji jarrabawar da ya ci.

Aikin ba wani tashin hankali ba ne. Takardun a ɗaure suke dami-dami, kowane ƙauye da nasa. Wata ma'aikaciya, Zinnira, ita ke kwance dami ta riƙa sa takardu a na'urar ɗaukar hoto. Hotunan su taru a kwamfutar Uwaisu, shi kuma ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ya karanta, ya ba kowanne suna: mai gona wane, gari kaza, shekara kaza, ciniki ne ko gado ko aro. In an yi haka, ko bayan shekara nawa mutum ya zo, ana buga sunansa takardarsa za ta fito. In ba a yi ba, an zuba allura a rumbu. Abin da aikin ke so kawai shi ne haƙuri da mutunta wanda sunansa ke kan takarda, kuma su ne abubuwa biyun da Allah bai ba Uwaisu ba.

Man janareta a ƙididdige yake, kafin azahar an kashe. Sai gogan naka ya ƙirƙiro tsarinsa. In dami na cikin gari ne, inda ake samun Alhazai da 'yan siyasa, sai ka ga ya gyara zama, yana bugawa a hankali har da laƙabi, yana karantawa da ƙarfi don Alhaji Sagiru ya ji daga ofishinsa. In kuwa aka kwanto na ƙauye, kamar na Durun ko na Jama'a, sai ya toshe hanci ya ce, "Zinnira, don Allah, wannan wari fa? Ko takardarsu warin daddawa take." Ita dai takan yi murmushi ta ci gaba da aikinta, shi kuma ya ɗauka ya burge. Irin wannan damin ba ya karantawa. Sunan ƙauyen kawai yake bugawa a kan kowace takarda, ya danna, ya wuce.

Kwamfutar ma ta fi shi imani. Duk lokacin da ya ba takarda ta biyu sunan ta farko sai ta tsaya ta tambaye shi da Turanci, akwai wata mai wannan sunan, a goge ta a sa wannan? Mai satifiket a gilashi bai taɓa tsayawa ya karanta tambayar ba. Ya dai lura in ya danna ɓangaren dama akwatin yakan ɓace, shi ke nan ya samu dabara. Haka ya riƙa dannawa yana kaɗa ƙafa, kowace takarda tana cinye wadda ta gabace ta.

Ran da aka kwanto damin Gude ya fi kowace rana sauri. Ya sani sarai takardar ubansa na ciki. Tsoronsa kada Zinnira ta ga ya daɗe a kan wani shafi ta tambaye shi ko ya san mai shi. Ya kawar da kai daga allon yana dannawa, yana ba ta labarin wani otal da ya taɓa cin abinci a Kano. A ransa ya ce ai tsohuwa na da tata a gida. Da aka gama ya sa hannu cewa komai ya shiga, aka kwashe dammunan aka jibge a baranda. Wani mai tsire na bakin tasha, Baƙo, ya zo ya yi magana da shi a gefe, ya kwashe takardun don naɗe tsire, daga nan Uwaisu ya yi watanni yana cin tsire ba ya sa hannu a aljihu. Mutanen Gwarzo kuwa suka yi ta lasar ƙuli da yaji a kan gonakin bayin Allah ba su sani ba.

Duk wannan lokacin Marka ba ta fasa ba. Ranar kasuwa takan shigo mota ta zo da ƙwaryar fura da ɗan man shanu, ta miƙa wa maigadin ofishin ta ce, "A ba yaron nan mai jaka." Ba ta shiga, ba ta tambayarsa, in ma suka yi kiciɓis sai ta sunkuyar da kai ta ratse. Kunyar nan ta yi wa Uwaisu rana, don babu wanda zai ga haka ya ce uwa ce da ɗa. Da Zinnira ta tambaye shi wace ce, sai ya ce, "Wata tsohuwa ce da ta taɓa yi mana aikatau." Ya faɗa yana shan furar. Kai, Allah wadaran naka ya lalace!

Damina ta yi ƙarfi wata shekara, ɗakin Marka ya zauna. Allah ya sa tana waje. Da aka tone akwatinta, takardar gonar ta jiƙe ta dame, ba a gane ko harafi. Labari ya kai kunnen Mijinyawa, wanda ya tsufa amma kwaɗayinsa bai tsufa ba, ya tashi ya ce shi bai taɓa sayar da gona ba, aro ya ba marigayi. Aka je gaban alƙali. Shaidun cinikin duk sun riga mu gidan gaskiya. Alƙali ya ce da Marka in akwai takarda a kawo, ya ba ta lokaci.

Ranar ce ta fara taka cikin ofishin, ita da Ikilima, wadda ke aure a Durun. Uwaisu ya hango su, ga Zinnira a gefe, ga Alhaji Sagiru a tsaye yana duba wani fayil. Marka ta durƙusa ta gaida Alhaji, ta juya wa teburin ɗanta gefe. Ikilima ta yi bayani. Alhaji ya ce, "Ai wannan mai sauƙi ne yanzu, Inna. Malam Uwaisu, duba musu."

Uwaisu ya ɗaure fuska, ya sa muryar ofis, ya dubi uwarsa ya ce, "Baiwar Allah, mene ne sunan mai gonar?"

Ya san Marka ba za ta iya faɗin sunan mijinta ba, ko da wuƙa a wuya. Tsohuwar ta dubi ƙasa ta ce, "Ikilima, gaya wa wancan ya sani."

"Yaya, wace irin tambaya ce wannan?" in ji Ikilima. "Sunan Baba ne ka manta?"

Zinnira ta ɗago kai. Alhaji Sagiru ya rufe fayil ɗinsa ya ce, "Yaya? Malam Uwaisu, mahaifiyarka ce?"

Uwaisu ya sunkuya ya buga Dabo, babu. Ya buga Mijinyawa, babu. Gumi ya fara sauko masa ta bayan kunne. A ƙarshe ya buga Gude, garin da ya yi shekaru bai furta ba, sai abu ɗaya tak ya fito. Ya buɗe. Hoton bangon fayil ne na ƙarshe a damin, babu rubutu ko ɗigo, sai zagayen da gindin kofin shayi ya bari. Alhaji ya matso ya leƙa, ya ce a ɗauko takardun ainihi. Maigadi daga bakin ƙofa ya ce ai Baƙo ya kwashe tun bara, Malam Uwaisu ne ya ce a bar shi.

Marka ba ta yi boko ba, amma ta ga farin allo, ta ga fuskokin mutane, ta gane. Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta gyara mayafinta. Sai ta juyo ta dubi ɗanta ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun ran da ungozoma ta miƙo mata shi.

"Uwaisu," ta ce.

Ikilima ta dafe ƙirji ta ce, "Inna!"

"Uwaisu, mun gode. Allah ya ba da ladan aiki." Ta faɗa a sake, babu rawar murya, yadda ake yi wa kowane ma'aikaci sallama. Ta yi wa Alhaji ban kwana ta fita.

A kakar shekarar Mijinyawa ne ya girbe fadamar. Marka ta koma Durun, gidan surukinta, tana zaune a ɗakin da ake ajiye buhuna. Uwaisu dai ba a kore shi ba, an mayar da shi wajen karɓar baƙi, har yanzu yana rataye da jakarsa. Ranar kasuwa yakan leƙa wajen maigadi kamar mai neman wani abu, maigadi ya ce, "Ba a kawo ba."

Da sallah ƙarama ya daure ya je Durun, ya yi sallama. Marka na tsakar gida tana tsince wake. Ta ɗago ta dube shi da fara'a, a gaban surukinta da maƙwabta, ta ce, "A'a, Uwaisu ne? Maraba, Uwaisu. Ikilima, kawo wa baƙo tabarma."