Ranar da Na Nemi Sarkin Baka a Aziziya

Gidanmu gidan maharba ne tun kaka da kakanni. Bindigar mahaifinmu guda ɗaya ce, kuma da ya rasu yayana ne ya gaje ta, ni sai dai aro. Har na haura shekara talatin ban taɓa mallakar tawa ba, kuma ba zan ɓoye ba, abin yana cina.

Sai da na zo Madina aiki, a wata gonar dabino da ke bayan Jurf, sannan na samu. Wani abokin aikina zai koma ƙasarsu, ya zaro ta daga bayan buhunan taki ya ce in riƙe. Bindigar iska ce, wadda a nan ake kira saktun, ƙotarta a tsage an ɗaure da waya. A garinmu maharbi ba zai yarda a gan shi da irinta ba. Amma tawa ce. Na kankare tsatsar, na shafe ta da mai, na wuni ina murmushi ni kaɗai kamar wanda aka yi wa haihuwa. Zancen takardar izini kuwa ko a raina bai zo ba.

Bayan wata biyu kafilina, wato maigidan da ya ɗauko ni aiki, ya mayar da ni tuƙin motar kaya a unguwar Aziziya, nan cikin Madina. Iƙamata, takardar zaman ƙasa, a ƙarƙashin sunansa take. Da ita nake ci, da ita matata da 'ya'yana uku suke ci a gida.

To, mu a wajenmu maharbi ba ya sauka a sabon wuri da makami ya yi shiru. Sai ya kai shi gaban Sarkin Baka, shugaban maharban garin, ya gaishe shi, a nuna masa inda ake harbi da inda ba a yi. Ni kuma mutum ne mai son bin ƙa'ida, har nakan yi alfahari da hakan. Wata rana bayan la'asar na je ƙofar shagon wani tela Bakano inda Hausawan unguwa ke zama, na yi sallama, na ce, "Don Allah wane ne Sarkin Baka a nan?"

Aka kwashe da dariya. Telan ya share hawaye ya nuna wani gida da almakashi. "Ga shi can, mai koriyar ƙofa. Ka durƙusa sosai, ba ya son raini."

Tsokana yake yi, don bai san da gaske ina da bindiga ba. Mai gidan wani dattijo ne ɗan ƙasa, haifaffen Madina, wanda kakansa ya zo Hajji a ƙafa daga ƙasar Hausa ya zauna. Ya yi ritaya daga aikin gwamnati, kuma bai taɓa harbin ko ƙadangare ba.

Washegari da hantsi na naɗe bindigar a darduma, na saɓa a kafaɗa, na bi titi. Na wuce motar 'yan sanda a bakin wani kanti, har na ɗaga musu hannu.

Dattijon ya shigar da ni falo, aka kawo gahawa da dabino. Na durƙusa na warware dardumar.

"Baba, na kawo gaisuwa. Ga makamina, a nuna min daji."

Kofin ya tsaya a hannunsa. Ya tashi ya rufe ƙofa, ya saki labule.

"Ya waladi, ɗana, ina ruhusarta? Ina takardar izini?"

"Baba, ai ta iska ce."

"Ko ta ruwa ce! Mamnu', an hana. Ni ɗan ƙasa sai da takarda zan ajiye wannan, balle kai mai iƙama. Kuma me za ka harba? Tantabarun Madina? Ba ka san nan harami ba ne, ba a farauta?"

Na san haka tun a makarantar allo. Murnar bindiga ce ta rufe min ido. Ya ce in aka kama ni da ita, abin zai iya kaiwa ga ɗauri, daga nan a sa ni a jirgi, ba dawowa. Na ce zan je in jefa ta a kwandon shara yanzu.

"Ka sake bin titi da ita? Wani ya tsinta ya yi ɓarna? La, wallahi. Zauna."

Raina ya ɓaci, in faɗi gaskiya. Abin da na jira shekara da shekaru, ga wani da bai san bakin bindiga da gindinta ba yana ce min ba nawa ba ne. Na yi ta cin dabinonsa cikin fushi yayin da yake waya da Larabci. Ya kira ofishin da ke kula da makamai, ya gaya musu komai, ya tambayi yadda ake miƙa irin wannan. Sannan ya kira kafilina, ya ce gara ya ji daga bakinmu. Na ji ihun kafilin daga inda nake zaune.

Bayan azahar ya sa bindigar a bayan motarsa, ya ce in ɗauko iƙamata. A hanya na ce, "Baba, ka ce kawai a gona aka tsince ta."

"Ƙarya ba za ta shiga motata ba," in ji shi. "Abin da ya faru za mu faɗa."

A ofishin jami'in ya juya bindigar, ya dubi iƙamar, ya dube ni. Larabcina duk ya gudu. Dattijon ne ya yi bayani, tun daga buhunan taki har zuwa dardumar. Da ya zo kan al'adar kai makami gaban shugaban maharba, sai na ga jami'in yana danne dariya. Aka tambaye shi mene ne tsakaninmu. Ya ce, "Ɗan'uwana ne, daga ƙasar kakana. Ni na tsaya masa." Ya ajiye katinsa na ɗan ƙasa kusa da iƙamata, ya sa hannu a ƙarƙashin nawa. A lokacin ko awa biyar ba mu yi da sanin juna ba.

An daɗe ana rubuce-rubuce. Aka karɓe bindigar, aka ja min kunne sosai, sannan jami'in ya turo min iƙamata a kan tebur. Na ɗauke ta da hannu biyu. Har yau da ita nake aiki, kuma tun daga ranar kowace Juma'a sai na je gaishe da dattijon. Na gode wa Allah, na gode masa, kuma na san godiyar ba ta kai ba.

Da muka fito bai nufi mota ba. Ya zauna a kan dakalin bakin titi, cikin farar rigarsa, ya ciro gorar ruwa. Sau uku yana murɗa murfin yana kasa buɗewa.

"Baba, ashe kai ma ka ji tsoro?"

"Tun da ka warware dardumar nan," ya ce. "Ban san ko za su bar ka ka fito ba. Buɗe min ruwan, ya waladi."

Na buɗe, na riƙe masa gorar har ya sha.