Hatimin da Na Sa Ya Goge

A bariki na girma, a Kaduna, inda mahaifina yake gyaran bindigogi a ma'ajiyar makamai. Sauran 'yan mata suna ƙamshin turaren wuta, ni ina ƙamshin man bindiga, don ni ke kai wa Baba abincin rana. Sai in zauna a kan benci da littafin soyayya a cinya, ido ɗaya a kan jarumin labari, ɗaya a kan hannun Baba. Da haka na san abin da ban yi niyyar sani ba. Tsofaffin dogayen bindigogin nan masu gindin katako, masu ɗura wa kansu harsashi bayan kowane harbi, iri biyu ne, ko da yake ido ba ya saurin rabe su. Wasu da awon inci aka ƙera su, wasu da awon milimita. Baba yakan ce tagwaye ne, amma ba sa sa rigar juna.

A kan wannan bencin wani ƙaramin soja ya same ni. An turo shi ya koyi aiki a wajen Baba, bai koyi komai ba sai hanyar gidanmu. Dogo ne, mai wushirya, yana kirana 'Yar Oga da wata murya da har yau ban ji irinta ba. Na ɗauka shi ne wanda littattafan suka yi mini alkawari. Aka kawo lefe, aka sa rana. Sai ya bar soja, bizar Qatar ta fito masa, kuma mutumin da ya nema masa ita yana da 'ya. Gwaggonninsa suka zo suka kwashe akwatunan a gaban matan bariki. Akwai wani leshi ruwan zuma da na sha yafawa a gaban madubi. Na sake ganin leshin a hoton biki, a jikin amaryarsa.

Kuka dai na yi shi. Amma abin da ya fi kukan daɗewa shi ne mafarki, cewa wata rana zai durƙusa a gabana, ya san ni ce na kai shi ƙasa.

Allah ya ba ni miji nagari, mutum mai sanyi, mai gadi a wani gidan ajiye kayan tarihi a Doha. Muka tare a unguwar Old Airport, a wani ƙaramin gida a saman kantin Ba'indiye. A kasuwar kayan miya ta Abu Hamour, ina zaɓen tumatir, na ji an ce, "'Yar Oga?"

Na juya. Ya yi tumbi, gashi ya ja baya, wushiryar ce kawai ba ta tsufa ba.

"Wa nake gani kamar mai karɓar lefe?" na ce.

"Haba, abin da ya wuce ai ya wuce. Ya Oga?"

"Oga ya rasu. Ba mu ga gaisuwarka ba."

Ya yi salati, ya yi addu'a, bai kai ƙarshenta ba ya shiga abin da ke gabansa. Kafil ɗinsa, wato uban gidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, wani dattijon Balarabe ne mai tara tsofaffin bindigogi a gidansu na gado a Al Asmakh. Duk an toshe bututunsu, ba sa harbi, da izinin hukuma ake rataye su a bangon majalisa, wato falon baƙi, don kallo. Shi kuwa da sunan Baba ya samu aikin kula da su, ya ce a hannun babban gwani ya koya. Yanzu an ba shi wata doguwa irin ta barikinmu ya mayar da ita yadda take ranar da ta fito daga maƙera, an tara masa kayanta daga ƙasashe, amma komai ya ɗauka sai ya ƙi shiga. In ya kasa, khalas, sai jirgin komawa gida.

Na faɗa wa maigidana. Ya ce, "Ki taimake shi, Hajiya. Ilimi amana ne." Na ce to. Ban gaya masa irin taimakon ba.

Ran Asabar da la'asar ya zo da buhu, maigidana yana zaune yana zuba shayi. Bindigar kanta ba ta fita daga gidan kafil, hotunanta ya kawo a waya, da gidajen harsashi, da sukurori, da gindin katako iri-iri. Na shimfiɗa tsohon zane muka baje su. Hannuna ya tuna tun kafin kaina ya tuna.

"Taka ta inci ce," na ce. "Wannan gidan harsashin na ɗaya tagwayen ne, ko za ka kwana kana tura shi ba zai zauna ba. Waɗannan sukurorin ma haƙoransu ba nata ba ne. Wa ya ci bakin wannan da magagari?"

"Na ɗan rage shi ne."

"Baba da mari zai rage ka."

Maigidana ya ƙware da shayi. Shi kuwa ya yi dariyar yaƙe.

Na ware masa nata a gefe guda. Da na zo kan katakon, akwai wani gindi baƙi ƙirin, duk tabo, man shekaru ya jiƙa shi. Na shafa gefensa da babban yatsa, na ji ɗan hatimin da maƙera ke dannawa a jikin itace, alamar gidan da ya ƙera da shekarar. Na duba hoton ƙarfen, alamar ɗaya ce. Wannan ba dacewa kawai ya yi ba, ɗan gida ne. Irinsa masu tara kaya ke shekaru suna nema, kuma hatimin nan mara zurfi shi ne duk shaidarsa.

"Wannan ne nata," na ce.

"Ta yaya kika gane?"

"Ido ne."

Bai sake tambaya ba. Can ma a bariki haka yake.

Komai ya zauna daram. Ya bugo waya yana murna, ya ce kafil ya dafa kafaɗarsa, ya ce ran Juma'a zai tara abokansa masu irin wannan sha'awa su gani. Sai dai abu ɗaya ke damunsa, gindin ya yi muni kusa da sauran katakon. "Kamar tsohuwa a cikin 'yan matan amarya. Me Oga yake yi wa irin wannan?"

Sai wani abu ya faɗo mini a rai. Maigidana ya taɓa ba ni labarin wani mai shara a wajen aikinsu da ya ga wata tsohuwar butar gahawa ta yi duhu, ya goge ta tas don neman yabo, aka kore shi a ranar. A wajen masu tara kayan da, dattin nan da tabon nan su ne kayan. Mu kuwa 'yan bariki, abin da bai yi ƙyalli ba bai cika ba.

"Ka manta jajibirin fareti?" na ce.

"Sanfefa!"

"Sanfefa, har sai itacen ya yi fari. Sannan man sheƙi na kafintoci."

"Allah ya ji ƙan Oga. Ke kuma Allah ya biya ki."

Ban yi masa ƙarya ba. Haka Baba yake yi kafin fareti, don kwamanda ƙyalli yake dubawa.

Ranar Juma'ar na yi kwalliya ba tare da zan je ko'ina ba. Na sa turare, na zauna kusa da taga ina kallon jirage suna sauka, ina tsara yadda zai zo, ido jajir, ya zube a bakin ƙofa ya ce, ashe ke ce. Har amsar da zan ba shi na shirya, mai tsawo, irin wadda ake rufe babi da ita.

Washegari ya bugo. Muryarsa ta dushe. Ya ce wani baƙo ya juya gindin yana neman hatimi, ya samu wuri sumul kamar goshin jariri. Kafil bai ɗaga murya ba, ya dai ce a karɓi makullai. An yanke masa tikitin komawa gida.

"Ƙaddara ce," ya ce. "Ke dai kin yi iya ƙoƙarinki, 'Yar Oga. Ina ke ina sanin halin Larabawa? Na kira ne in yi godiya, in kuma ce ki yafe mini in akwai wani abu."

In akwai wani abu! Ya kashe wayar ya bar ni da ita a hannu. Na kai shi ƙasa, amma zai hau jirgi yana ganina a matsayin yarinyar kirki da ba ta san komai ba, ita dai wadda aka kwashe wa akwatuna ta yi shiru. Wannan ya fi mini zafi a kan a ce aikin nasa ya yi kyau.

Na kira shi. Doguwar amsar nan duk ta gudu daga kaina.

"Malam, na taɓa hatimin da yatsana tun ranar da ka zo. Na san abin da sanfefa za ta yi masa."

Ina jin ƙarar motoci a bayansa.

"Kin sani?"

"Na sani."

"Saboda me?"

"Ka tambayi gwaggonninka."

Ya ja numfashi, ya fara kiran sunana na gaskiya, wanda bai taɓa kirana da shi ba. Ban bari ya ƙarasa ba. Na ajiye wayar, na ɗora tukunya, na yi wa maigidana tuwon shinkafa da miyar taushe. Ya ci, ya ƙara, ya tambaye ni ko yau wani biki ake yi.